Tsoron satar ƙoda a asibiti: me ya haɗa 'yan Somaliya mazauna Turai da mutanen Kaduna?

Baban Sadiya (Tudun Wada):

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci ce da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, da duk wanda Allah ya ba sanin wannan harka. An daɗe ana cewa 'yan Somaliya da suka yi hijira zuwa Amurka da Ingila da Suwidin, da damansu ba sa sakin jiki da asibitocin can. Mace na naƙuda a ce sai an yi mata aiki, ta ƙi. Dattijo na kwance an sa masa na'urar numfashi, 'ya'yansa su kasa su tsare, wai kada a ce ya cika a kwashe masa ƙoda da hanta a ba wani. Abin da ya dame ni shi ne, maganar tasu da tamu ɗaya ce. A Rigasa, a Unguwar Sanusi, a nan Tudun Wada, da zarar likita ya ce sai an shiga tiyata, sai ka ji wata daga gefe ta ce a bi a hankali, yanzu ƙodar mutane ake cirewa. Tun da aka ɗaure Sanata Ekweremadu a Landan kan kai wani matashi can don a cire masa ƙoda kuwa, in ka ce wa mutum jita-jita ce, da sunan Sanatan zai rufe maka baki.

Don Allah bayani nake so dalla-dalla, ba lallashi ba. Shin likita zai iya zare wa mace ƙoda a lokacin aikin haihuwa, ko lokacin cire afendis, ba a gane ba? Su 'yan Somaliyar daga ina tsoron nasu ya samo asali, a ƙasashen da ake cewa asibitinsu ya fi na kowa? Wanda kuma aka yi wa aiki yana zargin an taɓa shi, ina zai dosa? Allah ya saka da alheri.

Likitan Fiɗa (Unguwar Rimi):

Wa alaikumus salam, Baban Sadiya. A fara da wurin da ƙodar take. Ƙoda biyu suna can baya, hagu da dama, a jingine da naman gadon baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Kowace tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta wajen giram 150, kuma hanji da tantanin da ya lulluɓe kayan ciki duk suna gabanta. Aikin haihuwa a ƙasan mara ake yanka shi, a gicciye, tsawon santimita 10 zuwa 15, ana gamawa cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Mafi yawa da allurar baya ake yinsa, matar idonta biyu, tana jin duk maganar da ake yi a ɗakin. Yankan afendis ma ya fi wannan ƙanƙanta.

Cire ƙodar da za a dasa wa wani aiki ne daban. Ana sa mutum barci gaba ɗaya, a kwantar da shi a gefensa, a yi awa biyu zuwa huɗu ana aiki. In a buɗe za a yi, yanka ne mai tsawo a kuiɓi. In da na'ura mai kyamara ce, ana huda ciki wuri uku ko huɗu, sannan a yi ɗan yanka a ƙasa a fito da ƙodar. Ko ta wace hanya, tabo yana nan a fata, ba ya ɓoyuwa. Kuma ba fizgo ta ake yi ba. Sai an bi jijiyar da ke kai mata jini, da wadda ke fitar da shi, da bututun fitsari, an ware kowanne da tsawonsa, don in suka gajarta ba za su ɗinku a jikin mai karɓa ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da jijiyar shigar jini fiye da ɗaya a ƙodarsa, shi ya sa ake ɗaukar hoton CT na jijiyoyin tun kafin ranar aiki.

Da an datse jinin, agogo ya fara gudu. Cikin 'yan mintuna dole a wanke cikinta da wani ruwa na musamman mai sanyi, a ajiye ta a ma'aunin sanyi 4. Ƙodar da ta wuce rabin awa da ɗuminta babu jini ta fara lalacewa. Wadda aka sanyaya yadda ya kamata tana iya kai awa 24 zuwa 36, hanta kamar awa 12, zuciya awa 4 zuwa 6 kacal. Wannan ne ma amsar masu tsoron ɗakin ajiye gawa: ƙoda ko hantar gawar da ta kwana ba ta da amfani ga mai dashe. Irin su fatar baƙin ido, fatar jiki da ƙashi ne ake iya ɗauka bayan wasu awoyi da rasuwa. Masu yankar sassan gawa don tsafi suna nan, amma tasu ta'asar daban ce, ba ta da alaƙa da dashe.

Sai babban cikas, wato dacewa. Ƙoda ba kayan gyaran mota ba ce da za a kwanto a Panteka a ɗaura wa kowace mota. Sai rukunin jini ya dace, an gwada alamomin garkuwar jiki da ake kira HLA, an haɗa jinin mai karɓa da ƙwayoyin mai bayarwa a ga ko za su yi faɗa, an tabbatar babu ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B da C. In aka tsallake wannan, jikin mai karɓa na iya kashe ƙodar tun yana kan gadon tiyata. Wanda ya tara miliyoyi don ya sayi ƙoda ba zai yarda a sa masa ta matar da ta shigo da naƙuda da tsakar dare, wadda ba a taɓa gwada ta ba. Ƙara da cewa a ɗakin tiyata akwai likita da mataimakinsa, mai ba da allurar barci, nas mai miƙa kayan aiki, nas mai kai-komo, da ungozoma mai karɓar jariri. A can ɗaya gefen kuma sai an sami wata tawagar da ta riga ta buɗe mai karɓa tana jira. A Najeriya ma duk dashen ƙodar da ake yi daga mai rai ne, ba mu da tsarin ɗauka daga mamaci, kuma asibitocin da ke yinsa ƙididdigaggu ne, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ya fara a 2002.

Amma kada a ce na wanke mu tas. Mutum yana iya rasa ƙoda a hannun likita, sai dai ta hanyar da jama'a ba su cika zato ba. Bututun fitsari yana wucewa daf da mahaifa. A aikin haihuwa mai wahala, ko cire mahaifa ana tsaka da zubar jini, ana iya ɗaure shi da zare bisa kuskure. In ba a gano ba, fitsari ya taru, ƙodar ta kumbura, bayan watanni ta mutu ta motse. Akwai kuma wanda aka haifa da ƙodarsa a ƙasan mara maimakon baya, ko biyun a manne kamar takalmin doki. Wanda bai ƙware ba, kuma bai ɗauki hoto ba, yana iya ɗaukarta ƙari ne ya yanke. A Adamawa a 2016 an cire wa wani matashi ƙoda a wani asibitin kuɗi, ya koma sai da wankin ƙoda, daga baya kotun ladabtar da likitoci ta soke lasisin likitan. Abin tsoro na gaske ke nan a wurinmu: wanda bai iya ba ya buɗe cikin mutum a ɗakin da ba shi da kayan aiki.

Hajiya Ungozoma (Kawo):

Sannu da ƙoƙari, Likita. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ƙin yarda da aikin shi ne yake cinye ƙodar da ake gudun a sace. Mace ta yi doguwar naƙuda, mahaifa ta fashe ko mabiyiya ta ɓalle, ta zubar da jini lita biyu, jininta ya faɗi ƙasa na awoyi. Ƙoda ba ta jure wannan. Haka jijjigar masu ciki, wadda maganinta na ƙarshe shi ne a raba uwa da cikin. Ana tsaye a baranda ana jiran izinin miji ko na uwar miji, ana buga waya ƙauye, ita kuwa fitsarinta yana ƙafewa. Irin waɗannan matan ne ake turawa wankin ƙoda bayan haihuwa, wasu kuma su tashi da yoyon fitsari.

Ga abin da iyali za su yi su sami natsuwa, kuma ba mai hana su. Tun a awon ciki, in za a yi hoton ciki, a roƙi mai hoton ya leƙa ƙoda biyun ya rubuta a takarda. Ba ya ɗaukar minti biyar. Wannan takardar ita ce shaidarku, a adana ta. Ranar aiki kada a dangwala hannu a takardar amincewa sai an karanta ta da Hausa, an faɗi sunan aikin, da abin da za a cire in akwai, da abin da likita zai yi in jini ya ƙi tsayawa, domin wani lokaci ceton rai yana kaiwa ga cire mahaifa, kuma gara a ji wannan tun kafin a shiga. A tambayi sunan likitan da zai yi aikin.

Bayan an fito, duk abin da aka cire kuna da ikon gani. Mabiyiya dama ana ba dangi su binne, kowa ya san wannan. Afendis ko ƙari ko mahaifa kuwa a cikin roba ake sa su da ruwan da ke hana ruɓewa, a kai ɗakin gwajin tsoka. Mutane da yawa suna ƙin biyan kuɗin gwajin, su zubar da robar. Kuskure ne babba, don sakamakon nan shi ne zai faɗi ainihin naman da aka yanka daga jikinku, da sa hannun wani likita daban. A lura da ledar fitsari kuma: babba ya kamata ya ba da aƙalla mililita 30 a kowace awa. In ya ragu sosai, ko ciwon kuiɓi ɗaya ya taso da zazzaɓi, ko ruwa yana zuba ta gaba ba tsayawa, a faɗa wa likita a ranar, kada a bari sai ranar cire zare. Kafin a bar asibiti a karɓi takardar sallama mai bayanin aikin.

Masu cewa ana kwashe musu jini a sayar, kowace kwalbar gwaji mililita 3 zuwa 5 take ci. Kwalba biyar ba su cika cokalin cin abinci biyu ba, a jikin da ke ɗauke da kusan lita biyar. Ledar ƙarin jini guda ɗaya mililita 450 ce.

Malam Jami'in Lafiya (Barnawa):

Baban Sadiya, ɓangaren 'yan Somaliya zan ɗauka, kuma ina roƙon kada a yi musu kallon jahilai, domin tsoron nasu yana da saiwa.

Gwamnatin Siad Barre ta faɗi a 1991, asibitocin gwamnati suka rushe tare da ita. Dubban ɗaruruwa suka yi shekaru a sansanoni irin Dadaab a Kenya kafin a kai su Minesota ko Landan ko Suwidin. A inda suka fito, ba a kai mace tiyatar haihuwa sai ta riga ta galabaita, don haka da yawan waɗanda aka yi wa ba su tashi ba. A idon tsohuwar da ta ga haka, aikin ne ya kashe su, ba jinkirin ba. Ga son haihuwa da yawa, ga jin cewa aiki yana rage yawan 'ya'yan da mace za ta iya haifa. Binciken da aka yi a Suwidin kan mutuwar jarirai a wajen haihuwa ya nuna abin ya fi yawa a tsakanin matan da suka fito daga wannan kusurwa ta Afirka, kuma cikin dalilan akwai ƙin aikin gaggawa da rashin tafinta.

Sannan sun tarar da abin da babu shi a ƙasarsu, mu ma babu a tamu: ɗaukar sassan mamaci. A can, in ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya, doka ta ɗauki mutum ya rasu, ko da na'ura tana hura masa iska. Jikinsa da ɗumi, ƙirji na motsi, zuciya na bugawa, a ce da 'ya'yansa ya cika. A Amurka kuma wajibi ne asibiti ya sanar da hukumar tattara sassan jiki ta yankin duk majinyacin da ke gab da rasuwa, ko ya yi rajistar ba da sassansa ko bai yi ba. Sai iyali su ga baƙuwar fuska ta zo tana maganar kyautar ƙoda, alhali su addu'ar samun sauƙi suke yi. Wanda bai san tsarin ba, me zai ɗauka? Wani ma a wajen karɓar lasisin tuƙi aka tambaye shi ko zai ba da sassansa, ya amsa bai fahimci tambayar ba. A Ingila tun watan Mayun 2020 doka ta juya: ana ɗaukar babba ya amince sai in ya rubuta cewa bai yarda ba. An cire yara 'yan ƙasa da 18, da wanda bai shekara a ƙasar ba, kuma ana tuntuɓar iyali kafin a taɓa gawa. Amma labarin da ya isa majalisar shayi shi ne gwamnati ta mallake jikin kowa.

Ka'idar ita ce likitocin da ke tabbatar da mutuwa ba sa cikin tawagar dashe. A Ingila likitoci biyu ne ke gwajin, sau biyu: a haska ido, a taɓa baƙin ido, a zuba ruwan sanyi a kunne, a cire na'urar na ɗan lokaci a ga ko zai ja numfashi da kansa. Duk da haka tsarin ya taɓa yin tuntuɓe. A jihar Kentaki a 2021 an dakatar da aikin ɗaukar sassan wani majinyaci bayan ya nuna alamun farfaɗowa, hukumomin tarayya suka bincika. A Ingila a 1999 an gano asibitin yara na Alder Hey a Libaful ya riƙe sassan gawarwakin yara ba da sanin iyayensu ba, abin da ya haifar da dokar 2004 kan sassan jikin ɗan Adam. Haɗa wannan da binciken gawa, inda ake tsaga ƙirji da ciki a fito da kayan ciki a auna, a jinkirta jana'iza kwana da kwanaki. Mai wankan gawa ya ga ɗinki daga wuya zuwa mara, ba wanda ya yi masa bayani, gobe labari ya zaga gari.

Kada a manta da hanyar da wasunsu suka bi. Masu ratsa Sudan zuwa Libiya ko Masar sun faɗa hannun masu safarar mutane, kuma a Masar cinikin ƙodar 'yan gudun hijira ba tatsuniya ba ce. A Disamban 2016 hukumomin ƙasar sun kama gungun mutane da suka haɗa da likitoci da malaman jami'a kan wannan sana'a.

Matsalar harshe ta ƙara dagula komai. Sau da yawa yaro ɗan makaranta ne ke yi wa uwarsa tafinta a kan maganar mahaifa, ko a kawo mai jin Somaliyanci na gama-gari ga mai jin karin Maay. Inda bayani ya gaza, wani zai cike gurbin. A Minesota iyaye sun damu da yawan cutar galahanga a 'ya'yansu, ba su sami amsa mai gamsarwa ba, masu adawa da rigakafi suka shiga, har Andrew Wakefield, likitan da ya yaɗa zancen cewa allurar ƙyanda ce ke jawo cutar, wanda Ingila ta soke lasisinsa a 2010, ya je ya gana da su. Yawan yaransu masu allurar ƙyanda ya faɗo daga kashi 92 cikin ɗari a 2004 zuwa kashi 42 a 2014. A 2017 ƙyanda ta ɓarke, ta kama mutum 75, mafi yawansu yaran Somaliya marasa rigakafi. Mu da muka ga gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996, inda yara 11 cikin 200 suka rasu, sannan muka ga yadda aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, mun san yadda cin amana guda yake rufe ƙofar alheri goma.

Abin da ya yi aiki a can ba ɗaga murya ba ne. Tafinta ƙwararre, nas da ungozoma 'yan Somaliya, limamai a teburin shawara, yin maganar yiwuwar aiki tun ciki na wata biyar maimakon ranar naƙuda, barin iyali su tsaya su ga gwajin mutuwar ƙwaƙwalwa da idonsu, da amfani da hoton CT a madadin tsaga gawa inda mai binciken ya yarda. Ba abin da ya fi ƙarfin asibitocinmu a cikin na farkon nan, in ban da halin wasu ma'aikatanmu na ganin tambayar talaka raini ce.

Barista (Malali):

Likita ya yi gaskiya, amma ina jin tsoron mai karatu ya tashi da cewa cinikin ƙoda babu shi. Akwai shi, sai dai ba a kan gadon haihuwa ake yinsa ba. Da dillali ake yi, da talauci, da takardun ƙarya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na dashen ƙoda a duniya ta hanyar ciniki ake yi.

A duba shari'ar Sanatan da kyau. An ɗauko matashi mai talla a titin Legas, aka gwada jininsa tun a gida, aka yi masa fasfo da biza, aka gabatar da shi a matsayin ɗan uwan mara lafiyar, wato 'yar Sanatan mai buƙatar ƙoda. Likitan asibitin Royal Free da ke Landan ne ya lura yaron bai fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi yin aikin. A Mayun 2023 kotu ta ɗaure Sanatan shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da rabi, likitan da ya yi dillancin shekara 10. Wato a wannan labarin asibiti ne ya tare ɓarnar. Alamomin da iyaye za su sa wa ido ke nan: wanda ya yi wa ɗanku alkawarin aiki a Legas ko Abuja ko waje, ya fara da kai shi gwajin jini mai yawa da hoton ciki, ya riƙe fasfonsa, ya koya masa cewa in an tambaye shi ya ce shi ɗan uwan wane ne. Wanda ya sayar kuma, kuɗin kan ƙare cikin watanni, ba mai duba lafiyarsa bayan aiki.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cire wani sashe daga jikin mai rai sai da amincewarsa bayan an yi masa bayani, in ban da bincike da magani na gaggawa. Ta hana cire abin da jiki ba ya mayarwa daga yaro ɗan ƙasa da 18, ta hana saye da sayarwa, ta kuma taƙaita dashe ga asibitin da aka ba izini. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ke aiwatarwa, ta sa safarar mutum don cire sassansa cikin manyan laifuka. Mai ƙorafi kan likita yana rubuta wa Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, da takardar rantsuwa daga kotu, ya haɗa da kwafin duk sakamakon da ke hannunsa. Asibitin kuɗi kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha ce ke yi masa rajista, ana iya zuwa a tambaya kafin a kwanta. Shawarata: a nemi kwafin bayanan aikin a rubuce tun kafin a ta da murya. In aka fara da tara jama'a a ƙofar asibiti, fayil ya kan yi ɓatan dabo, kuma in zargin bai tabbata ba ku ne za ku amsa ƙarar ɓata suna.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Allah ya ƙara basira. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1988 cewa dashen sassan jiki ya halatta da sharuɗɗa: amincewar mai bayarwa, kada bayarwar ta halaka shi, daga mamaci kuma sai da izininsa tun yana raye ko na magadansa. Sayarwa haramun ce. Akwai malaman da suka ƙi ɗauka daga mamaci, suna kafa hujja da hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Saɓani ne na ilimi, kowa ya bi wanda ya natsu da shi, ya kuma faɗa wa iyalinsa tun yana da lafiya, musamman 'yan uwanmu mazauna Ingila. Amma hana mace aikin da zai ceci ranta saboda jita-jita, wannan ba shi da madogara.

Baban Sadiya (Tudun Wada):

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Saura guda, Likita. Wanda aka yi wa aiki shekarun baya, yanzu ya je hoton ciki aka ce ba a ga ƙodarsa ɗaya ba, me zai yi?

Likitan Fiɗa (Unguwar Rimi):

Kada ya yanke hukunci da hoto ɗaya. Iskar hanji da ƙiba suna ɓoye ƙoda, kuma da yawan masu ɗaukar hoto a shagunan gari ba likitocin hoto ba ne. Ya sake yi a babban asibiti, irin Barau Dikko ko asibitin soja na 44 ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, wurin likitan hoto, da cikin da bai ci abinci ba, a kuma duba har ƙasan mara. Kimanin mutum ɗaya cikin dubu ɗaya zuwa dubu biyu da ƙoda ɗaya aka haife shi, kusan ɗaya cikin dubu kuma tasa ba a mazauninta take ba, kuma yawancinsu ba su sani ba sai ranar da aka yi hoto.

In har yanzu ba a gan ta ba, sai hoton CT mai allurar rini, bayan an gwada ƙarfin ƙodar da jini, don rinin yana wahalar da ƙoda mai rauni. Wannan hoton yana rarrabewa. Ƙodar da aka yanke tana barin kututturen jijiya da guntun bututun fitsari, sau da yawa da 'yan ƙarafan da aka datse jijiyar da su, ga tabo a cikin naman wurin. Wanda aka haifa babu ita ba shi da jijiyar tun asali, ƙullin da ke zaune a saman ƙoda yakan miƙe a kwance, ɗayar kuma ta girma fiye da ƙima tun yarinta. Wadda ta motse saboda toshewa ana ganin ragowarta. Ya tafi da tsofaffin takardunsa duka, ya nemi rahoton a rubuce da sa hannu, in ya nuna an yanke ne sai ya bi hanyar da Barista ya faɗa.

Ko mene ne sakamakon, ƙoda ɗaya lafiyayya tana riƙe mutum tsawon rai in ya kiyaye ta. Ya guji shan diclofenac da ibuprofen barkatai, da haɗe-haɗen maganin ƙarfi da na gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba, ya rage gishiri, ya sha ruwa sosai a lokacin zafi da azumi. Sau ɗaya a shekara ya auna hawan jini da suga, a gwada fitsarinsa a ga ko furotin na zuba, a kuma gwada jini a ga yadda ƙodar ke tacewa. Mace mai ƙoda ɗaya tana iya ɗaukar ciki, amma ta faɗa wa masu awo tun zuwan farko, ta kuma haihu a asibitin da ke da likitan mata.